Tausayin da Ya Riga Roƙo Zuwa

Duk wanda ya taɓa zuwa neman alfarma wurin wani babba ya san yadda ake yi. Sai ka fara neman wanda maigidan yake jin maganarsa, ka yi kamun ƙafa, ka riƙe ɗan goro, ka tuɓe takalmi tun daga zaure, ka zube ka kwashi gaisuwa, sannan ka jira a ga ko yau ya tashi da fara'a. In fadawa suka raɗa maka cewa ransa a ɓace yake, ka haɗiye buƙatarka ka dawo gobe. Mun tashi cikin wannan tsari, ya shiga jininmu, shi ya sa da yawa daga cikinmu Kiristoci da shi muke durƙusawa gaban Allah ba tare da mun lura ba. Muna jin kamar sai mun yi ta lallashi kafin zuciyarsa ta yi laushi, sai mun tara azumi da zakka da kwanan coci kafin a duba takardarmu.

Abin da ya daɗe yana damuna ke nan. A fahimtata Littafi Mai Tsarki ya juya wannan lissafi gaba ɗaya: tausayin Allah yana nan tun kafin mutum ya buɗe baki, shi ne ma ya sa buɗe bakin yake da amfani. Wanda ya gane haka, addu'arsa takan sauya ta fuskoki da dama, wasu masu daɗi, ɗaya kuma mai wuyar haɗiya ƙwarai.

Mu fara da kalmar kanta. A Ibrananci, harshen Tsohon Alkawari, kalmar da aka fi fassarawa da tausayi ko jinƙai ita ce rahamim, tushenta kuwa rehem, wato mahaifa. Bahaushe ba baƙon wannan kalma ba ne. Rahama da muke cewa daga Larabci ta zo, kuma tushe ɗaya ne da na Ibranancin. Sunayen nan Ar-Rahman da Ar-Rahim da maƙwabtanmu Musulmi suke buɗe kowane aiki da su daga nan suka fito. Lokacin da aka kammala buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller ya yi wa hidimar shekaru daga Zariya, masu fassarar ba su rasa kalmomi ba: ga jinƙai, ga tausayi, ga juyayi, ga rahama, duk suna bakin mutane.

Amma asalin hoton shi ne cikin uwa. A 1 Sarakuna 3, sa'ad da mata biyu suka yi rigima a kan jariri ɗaya, Sulemanu kuma ya ce a kawo takobi a raba jaririn biyu, nassin ya ce rahamim ɗin ainihin uwar ya motsa saboda ɗanta, ta ce a ba wa abokiyar rigimarta shi da rai. Ba ta zauna ta auna hujja ba, cikinta ne ya juya. A Ishaya 49:15 Allah ya ɗauki wannan hoto ya ɗora wa kansa: mace za ta iya manta da jaririn da take shayarwa? Ko da ita ta manta, ni ba zan manta da ku ba. Duk macen da ta taɓa goyo ta san abin da ake nufi. Tana tsakar gida tana tankaɗe, jariri ya yi ɗan motsi a ɗaki, kafin ma kukan ya fito sosai nono ya kawo, ya jiƙa mata riga. Jaririn bai iya roƙo ba, bai san sunanta ba, bai taɓa yi mata aikin komai ba.

Haka labaran suke tafiya tun daga Farawa. Hajaratu ta ajiye ɗanta ƙarƙashin wani ɗan itace a jeji bayan ruwan salka ya ƙare, ta koma nesa don kada ta ga mutuwarsa, sai aka ce Allah ya ji muryar yaron. Sunansa ma, Isma'ilu, ma'anarsa Allah yana ji. A ƙarshen Fitowa sura ta 2, Isra'ilawa suna nishi saboda bauta a Masar, nishin ya hau zuwa wurin Allah, ya ji, ya tuna da alkawarinsa, ya dube su. Ba a rubuta mana wata tsararriyar addu'a da suka yi ba.

Wurin da abin ya fi fitowa fili a wurina shi ne ƙofar garin Nayin, a Luka 7. Ana fitowa da makara, gawar saurayi, shi kaɗai ne ɗan uwarsa, ita kuma gwauruwa ce. A wancan zamani macen da ta rasa miji ta kuma rasa ɗa namiji ta rasa madogara ke nan. Ka karanta ayoyin da kyau: babu wanda ya roƙi Yesu komai. Matar ba ta ce uffan ba, ba a ma ce ta san ko shi wane ne ba, ba a yaba bangaskiyarta kamar yadda aka yaba ta jarumin Roma a farkon surar ba. Ya gan ta, tausayinta ya kama shi, ya ce ta daina kuka, ya taɓa makarar. Kalmar Helenancin da Luka ya yi amfani da ita daga splankna take, wato kayan ciki, hanji da hanta. Sau 12 wannan aikatau ya zo a Sabon Alkawari, duka a Matiyu da Markus da Luka, kuma ko dai a kan Yesu ne ko a cikin misalan da ya bayar. Mu ma da Hausa in abu ya taɓa mutum sosai, cikinsa muke ambata.

To in haka Allah yake, me ya rage wa mai addu'a ya yi?

Abu na farko da yake faɗuwa shi ne tunanin cewa yawan magana ko ƙarfin murya ne ke buɗe ƙofa. A Dutsen Karmel annabawan Ba'al 450 sun yi ta ihu tun safe har rana ta yi tsaka, suka ci gaba har yamma, suna tsattsaga jikinsu da wuƙaƙe jini na zuba, don su jawo hankalin ubangijin da ba ya ji. Addu'ar Iliya kuwa ayoyi biyu ce, 1 Sarakuna 18:36-37. Yesu ya faɗi dalilin a Matiyu 6: kada ku yi ta maimaita surutu kamar waɗanda suke zaton da yawan maganarsu za a ji su, domin Ubanku ya san buƙatarku tun ba ku roƙa ba. Nan take ya koya musu Addu'ar Ubangiji, wadda yaro ɗan makarantar Lahadi zai karanta ta cikin rabin minti. A ƙarni na 4, a hamadar Masar, aka tambayi Makariyos, ɗaya daga cikin dattawan da suka keɓe kansu don ibada, yadda ake addu'a. Ya ce ba sai an yi dogon jawabi ba, mutum ya miƙa hannuwansa ya ce, Ubangiji, yadda ka so, yadda kuma ka sani, ka yi jinƙai. In faɗan ya tsananta ya ce, Ubangiji, taimaka. Daga irin wannan tushe ne gajeriyar addu'ar nan ta Kiriye eleyison ta zauna a sujadar ikilisiya, ita ce dai "Ya Ubangiji, ka yi mana jinƙai" da ake rerawa a cocin Katolika da na Angalikan har yau.

Kada a fahimce ni baibai. Ba ina sukar doguwar addu'a ko ɗaga murya ba. Bartimawas makaho ya yi ta ƙwala kira a bakin hanyar Yariko, Ɗan Dawuda, ka ji tausayina, mutane suna kwaɓarsa yana ƙara ɗaga murya, kuma Yesu ya tsaya. Yesu da kansa ya kwana yana addu'a a kan dutse. Ya kuma ba da misalin mutumin da ya je ƙwanƙwasa ƙofar abokinsa da tsakar dare yana neman gurasa uku, da na gwauruwar da ta dami alƙali marar tsoron Allah har ya bi mata haƙƙinta. Wasu sukan ɗauki misalan nan su ce, ka gani, sai an matsa wa Allah lamba. Amma dubi inda Yesu ya kai maganar: in alƙalin banza ya yi haka, in ku da kuke mugaye kun san ba 'ya'yanku abu mai kyau, balle Ubanku na sama? Alƙalin an kawo shi ne don a nuna abin da Allah bai zama ba. Naciyar ɗa a wurin uwarsa daban take da naciyar mai bin bashi. Agustin, bishop na Hippo, garin da yake Annaba ta ƙasar Aljeriya a yau, ya rubuta wa wata gwauruwa mai suna Proba wasiƙa a kan addu'a wajen shekara ta 412, inda ya bayyana cewa muna roƙo ne don marmarinmu ya faɗaɗa har mu iya ɗaukar abin da Allah yake shirin bayarwa, tun da shi ba ya buƙatar a sanar da shi komai.

Abu na biyu da yake sauyawa shi ne abin da mutum yake riƙewa a hannu in zai shiga. A misalin da Yesu ya bayar a Luka 18, Bafarisiye, wato ɗan ƙungiyar Yahudawa masu tsananta kiyaye Shari'a, ya shiga Haikali da lissafinsa: azumi sau biyu a mako, zakka daga duk abin da ya samu. Kuma bai yi ƙarya ba, yana yin su. Mai karɓar haraji ya tsaya can nesa, ya kasa ko ɗaga ido, yana bugun ƙirji yana neman jinƙai a matsayinsa na mai zunubi, shi ne kuma ya koma gida baratacce, wato karɓaɓɓe a wurin Allah. Daniyel a Babila ya faɗi ƙa'idar a fili a sura ta 9 aya ta 18: ba don adalcinmu muke kawo roƙonmu gabanka ba, sai don yawan jinƙanka. Dawuda ma, bayan abin da ya yi wa Uriya da matarsa, da wannan ya buɗe Zabura 51, ya nemi a shafe laifinsa bisa ga yalwar rahamar Allah, don ba shi da wani abin da zai nuna.

Akwai wani ɗan abu a misalin ɗan nan da ya ɓatar da dukiya, a Luka 15, da nake so mai karatu ya koma ya duba. Tun yana wurin aladu yaron ya tsara jawabinsa kashi uku: na yi zunubi, ban isa a kira ni ɗanka ba, ka mai da ni kamar ɗaya daga cikin 'yan ƙodagonka. Kashi na ukun ciniki ne, yana so ya biya da guminsa. Tun yana nesa uban ya hango shi, tausayi ya kama shi, ya sheƙa a guje, abin da dattijo mai mutunci ba ya yi a bainar jama'a, ya rungume shi tun bai ce komai ba. Yaron ya faɗi na farko, ya faɗi na biyu, kafin ya kai ga na uku uban ya riga ya juya yana ce wa bayi su kawo riga da zobe da takalmi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Shi ya sa raina yake ɓaci in na ji ana gaya wa matalauciya cewa girman irin da ta shuka a akwatin baiko shi ne girman amsar da za ta samu. Baiko da azumi abubuwa ne masu kyau, Yesu ya ɗauka cewa mabiyansa za su yi su. Amma da zarar an mai da su farashi, an mayar da yaron nan ɗan ƙodago a gidan ubansa.

Sai maganar kuka. Shekarun baya na kwana jinyar wani ɗan'uwana a wani asibiti, gadonmu yana kusa da na wata yarinya da zazzaɓi ya kai ta ga suma. Kakarta ce take zaune da ita, tsohuwa mai ɗaure da zanen Zumuntar Mata da ya koɗe. Da yamma mutanen cocinsu suka zo, aka yi waƙa, aka yi addu'a mai ƙarfi, aka tafi. Can wajen ƙarfe biyu na dare, an ɗauke wuta, sai hasken tocilan ɗin waya, na ji tana magana ƙasa-ƙasa tana shafa ƙafar yarinyar da jiƙaƙƙen tsumma. Tana cewa, "Baba, ka gan ta. Ka ɗauki uwarta, ban ce komai ba. Wannan kuma fa? Ni ban san me zan ce maka ba. Ka ji tausayina." Ta yi shiru, ta sake faɗa. Da gari ya waye na ce mata, "Mama, sannu da dare." Ta ce, "Yauwa ɗana, mun kwana muna magana da Shi."

Wani zai ce tsohuwar nan ta yi wa Allah gunaguni. Ni kuwa na ji Zabura a bakinta. Cikin zabura 150, kusan kashi ɗaya cikin uku na kuka ne: har yaushe, don me ka yashe ni, don me ka ɓoye fuskarka. Zabura 88 ma ta ƙare ne a cikin duhu, ba ta juyo da yabo a ƙarshe kamar sauran ba, kuma aka bar ta a littafin waƙoƙin jama'ar Allah. Ayar nan da muke son rerawa da safe, cewa jinƙansa ba ya ƙarewa, sabo ne kowace safiya, tana tsakiyar littafin Makoki ne, wanda aka rubuta a kan kufan Urushalima bayan Babiloniyawa sun ƙone ta wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Kewaye da ayar akwai yara masu suma don yunwa a titi. Bara ba ya yi wa maigida irin wannan magana, tsoro ba zai bar shi ba. Ɗa ne kaɗai yake iya faɗa wa uwarsa cewa ta ɓata masa rai alhali kansa yana kan cinyarta. Mun koya wa junanmu cewa mai bi na ƙwarai ba ya cewa komai sai "mun gode Allah", har a gidan makoki mukan hana mutum hawaye. Yesu kuwa ya yi kuka a kabarin Li'azaru, yana sane da cewa zai tashe shi.

Tambayar da ba a iya kauce mata ita ce: in tausayin nan gaskiya ne, don me ake roƙo ba a samu ba? Ba zan yi kamar ina da amsar da za ta share hawayen wanda ya binne ɗansa ba. Abin da bangaskiyar Kirista take nunawa shi ne Getsamani, lambun da Yesu ya yi addu'a a daren da aka kama shi. Yesu ya kira Allah Abba, ya roƙa har sau uku a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ba a ɗauke ba. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da take jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi. Babu mai cewa waɗannan biyun sun gaza a bangaskiya. Saboda haka zalunci ne a ce wa marar lafiya da bai warke ba laifinsa ne, bai ba da gaskiya sosai ba. Wasiƙar Ibraniyawa 4:15-16 ta ɗora gaba gaɗin mai addu'a a kan cewa Babban Firist ɗinmu, wato Yesu, ya ɗanɗani rauninmu, an jarabce shi ta kowace hanya. Romawa 8:26 ta ƙara da cewa in mun rasa abin faɗa, Ruhu yana roƙo a madadinmu da nishin da ba ya faɗuwa da baki.

Yanzu ga mai wuyar haɗiyar. A Fitowa 34:6, bayan Isra'ilawa sun yi ɗan maraƙin zinariya, Allah ya bayyana wa Musa sunansa: mai jinƙai, mai alheri, mai jinkirin fushi, mai yalwar ƙauna da aminci. Wannan aya ta zama jarin masu addu'a. Musa ya mai da wa Allah ita a Littafin Ƙidaya 14 yana roƙo don jama'a, ta sake fitowa a Nehemiya 9, a Zabura 86 da 103 da 145, a Yowel 2. Mutum ɗaya ne ya karanta ta cikin fushi, shi ne Yunusa. Nineba, wadda kufanta yake kusa da Mosul a Iraƙi, babban birnin Assuriyawa ne, mutanen da suka yi suna wajen ƙeta, su ne kuma suka rushe mulkin arewacin Isra'ila a 722 kafin haihuwar Almasihu. Da suka tuba Allah ya fasa hallaka su, sai Yunusa ya ce dalilin gudunsa ke nan tun farko, don ya san Allah mai jinƙai ne. Tausayin da ya fito da shi daga cikin kifi ya yi masa daɗi, da ya kai ga maƙiyansa sai ya gwammace mutuwa.

A arewacin Najeriya wannan ba darasin aji ba ne. A daren 14 ga Afrilu 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok, akasarinsu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya ne, cocin da ya faro daga Garkiɗa a 1923, wanda kuma koyarwarsa ta ƙin ramuwa da makami sananniya ce. A watan Oktoba na shekarar Boko Haram ta mamaye hedikwatar cocin a Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninsa suka koma Jos na wani lokaci. Musulmi ma sun binne nasu da yawa a wannan bala'i, a masallatai da kasuwanni. Wanda ya tsira daga irin wannan, in ya zo wurin "ka gafarta mana laifofinmu kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi" harshensa ya yi nauyi, ni ba ni da bakin da zan zarge shi.

Littafi Mai Tsarki bai hana shi faɗin zafin ransa ba. Akwai zabura masu neman Allah ya hukunta azzalumi da kalmomi masu tayar da tsigar jiki, kuma Fitowa 34 ɗin nan da ta yi maganar jinƙai ta ce ba za a ƙyale mai laifi haka nan ba. Neman a kama mai kisa a gurfanar da shi gaban shari'a bai saɓa wa tausayi ba. Amma mai zabura yana miƙa fushinsa ga Allah ne ya bar shi a can, bai ɗauki wuƙa da kansa ba. Inda nake jin tsoro shi ne yadda addu'ar "wuta ta cinye maƙiyana" ta zama abincin yau da kullum a wasu majami'u, har maƙiyin ya zama kishiya, ko surukuwa, ko maƙwabcin da shagonsa ya fi naka ciniki. Yaƙub da Yohanna sun taɓa neman izinin kiran wuta daga sama a kan wani ƙauyen Samariyawa da ya ƙi karɓarsu, Yesu ya juya ya tsawata musu, a Luka 9. A Matiyu 18 kuma ya ba da misalin bawan da sarki ya ji tausayinsa ya yafe masa talanti 10,000, ya fita ya shaƙe wuyan abokin bautarsa a kan dinari 100. Dinari ɗaya ladan ƙodagon yini ne, talanti ɗaya kuwa wajen dinari 6,000.

Yin addu'a don wanda ya cuce ka ba ya farawa da jin daɗi a rai. Sau da yawa yakan fara ne da iya ambaton mutumin a gaban Allah ba tare da la'ana ba, ko da haƙora a cije, sauran kuma ya ɗauki shekaru. Littafin Yunusa ma bai nuna mana annabin ya sauko ba. An bar shi zaune a gabashin birnin, rana tana dukan kansa, yana jin haushin wani tsiro da ya yi masa inuwa kwana ɗaya ya bushe, Allah kuma yana tambayarsa ko bai kamata ya ji tausayin Nineba ba, birnin da yake da mutum fiye da 120,000 da ba su san damansu da hagunsu ba, ga kuma dabbobi masu yawa.